Sawun Ƙafa a Gefen Taya

Keken yana nan har yau a zauren gidanmu a Ƙauran Namoda, jingine da bango, tayoyinsa sun daɗe da sacewa. 'Yan gwangwan sun nemi in sayar musu ya fi sau goma, ina korarsu. Ba wani keke ba ne na a zo a gani, baƙi ne irin na kowa, mai kariya da ƙararrawa. Amma a kansa na kusa sa a yanke wa wani dattijo hannun dama, kuma ba abin da ya jawo sai bakina.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ban cika talatin ba, ga zafin kai, ga baki. Jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba. Kullum ina zana wa yara taswirarta a allo, ina nuna musu Zurmi a nan, Shinkafi a can, alhali ni kaina in ka cire Ƙaura da Gusau ban san ko'ina ba sai ta tagar mota. Abin ya riƙa cina. Da aka ba da hutun ƙarshen shekara sai na ce zan zagaya arewacin jihar a keke, ni kaɗai, in kwana duk inda rana ta faɗi mini. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Motocin tasha sun ƙare ne?" Daga nan bai ƙara komai ba sai addu'a.

Shi malami ne, zaurensa ba ya rabuwa da mutane, balle a shekarar nan da aka fara shari'a. An riga an yanke hannu na farko, labarin ya game ko'ina, don haka kusan kullum sai wani ya zo da tambaya a kan sata. Ina gefe ina shafa wa keke mai, na ji amsar har na haddace. Ba kowace ɗauka ce ke kai ga yanke hannu ba, in ji shi. Sai in abin yana ma'ajinsa, ko a kulle, ko mai shi yana kusa da shi ko da barci yake yi. Abin da aka bari a fili ba mai tsaro, hukuncinsa daban. Yakan kuma ɗaga yatsa ya ce wa mai tambaya ya kula da bakinsa, domin in magana ta kai gaban alƙali, yafewar mai kaya ba ta hana komai. Duk wannan na san shi sarai kafin in bar gida. Na faɗa ne tun yanzu, kada wani ya yi mini uzurin jahilci.

Na ɗaure tabarma da bargo da gidan sauro da tamfol a kariya da igiyar roba, na rataya jarkar ruwa da 'yar tukunya, na kama hanyar Dauran. Kwana ukun farko cinyoyina suka yi tsami har ruku'u ya zama aiki. Daga baya jiki ya saba. In na yi asuba sai in dafa shayi a kan duwatsu uku, in karya da hoce ko ƙuli-ƙuli, in taka har rana ta yi zafi, in nemi tsamiya in kwanta. In la'asar ta yi sanyi in ƙara gaba. Inda yashi ya yi yawa sai turi, inda tsidau ya yi yawa sai faci. Akwai ranar da na yi faci huɗu kafin azahar, na zagi ƙayar, na zagi tayar, na zagi kaina da na baro katifata a gida.

Kafin magariba nake ratsewa daga hanya in sami gindin itace, in ɗaure tamfol, gefe ɗaya a reshe, gefe ɗaya a jikin keken. In na kwanta ina jin kukan shanu daga ruga, ga taurari ta gefen tamfol, wani daɗi nake ji wanda ban taɓa samu a ɗakina ba. Sai dai barcin rabi ne. Ina da sarƙa da kwaɗo, ba na kwanciya sai na ɗaure keken a itace, makullin yana rataye a wuyana da zare. Duk da haka motsi kaɗan zan farka in lalubi taya.

Mutane kuwa sun kasa gane mini. Kowane ƙauye na shiga sai an ce, "Malam, ga zaure, ga tuwo," ni kuma in ce na gode, a daji zan kwana. Nan take sai ka ga fuska ta sauya. Wasu suka ɗauka mai tonon magani ne ni, wasu suka ce hukuma ce ta turo ni leƙen asiri. Wata tsohuwa mai fura a Dauran ta tambaye ni ba kwana-kwana ko korata aka yi daga gida. Sau biyu 'yan agaji masu sa ido a bakin gari suka tsayar da ni suka ce in nuna rasit ɗin keke. Yana aljihuna cikin leda, don a shekarar nan mai hankali ba ya yawo da abin hawa ba takarda.

Na yi mako guda ina yawo a ƙauyukan ƙasar Zurmi, sannan na yanke yamma ta hanyoyin ƙafa, da niyyar in fita Moriki in miƙe Shinkafi. Ranar da abin zai faru na kwana a gefen wata gonar dawa da aka girbe, ba nisa da gulbi. Kara ne jibge tsibi-tsibi, ba a gama kwashewa ba. Da safe na shinshina rigata na ce a'a, wannan ko kura ba ta kusantata. Sai wanki da wanka.

Ruwan gulbin ya ja baya, sai an ratsa yashi mai faɗi kafin a kai gare shi, kuma na gaji da turin keke a yashi. Na ɗaure kayana tsaf a kariya, har da sarƙar da kwaɗon a cikin bargo. Ƙyuiya ta hana ni kwancewa in sake ɗaure shi a itace, ga shi kuma itacen a bakin hanya yake, duk mai wucewa zai gani. Sai dabara ta zo mini, irin ta ɗan birni. Na tura keken tsakiyar gonar, na kwantar da shi, na ɗebo kara na rufe shi ruf. Na ja baya na duba, na yaba wa kaina. Na ɗauki sabulu da kayan wanki na tafi.

Na yi wanki, na yi wanka, na shanya a kan yashi. Rana ta fito da ɗumi mai daɗi bayan sanyin safiya. Na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin kaya su bushe. Barcin da ban yi ba mako guda shi ya zo ya karɓi haƙƙinsa. Ban farka ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Da na dawo gonar, tun daga nesa na ga wurin ya sauya. Karan da na watsa an tattare shi an jingine tsaf, wurin fayau, ba keke.

Na zaga gonar kamar mahaukaci ina ɗaga karan da na san ba komai a ƙarƙashinsa. Keken nan na daɗe ina tattali kafin in saye shi. Bargona, rediyona, abincina, duk suna kai. Ga ni tsakiyar daji da silifa da wankakken wando a kafaɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne dariyar da za a yi mini a Ƙaura, mai zagaya jiha ya dawo a bayan motar itace. Na yi rantsuwa a fili, ni kaɗai, cewa ko waye sai na ga bayansa.

Sawun tayar na nan ɓaro-ɓaro a ƙasa, don na san zanen tayata kamar yadda na san rubutuna. Na bi. Ya fita gonar ya hau hanyar Moriki. A gefen hagu na tayar akwai sawun takalmi, irin wanda ake yankawa daga tsohuwar tayar mota, taku bayan taku. Na ce to, yanzu zai hau ya ɓace mini. Na yi tafiyar rabin sa'a, sawun ƙafar na nan. Na yi sa'a guda, ƙasa ta yi tauri, hanya ta miƙe sumul har da 'yar gangara, inda ko tsoho zai saki feda ya huta, sawun ƙafar bai ɗauke ba. Na yi tsaki na ce ashe ma ɓarawon bai iya hawa ba, lallai yau dubunsa ta cika.

A wani wuri hanyar ta ratsa fili mai tsidau. Nan sawun tayar ya ɓace ɗungum, sai na ƙafar kaɗai, ya nutse sosai a ƙasa. Bayan taku kamar arba'in tayar ta sake bayyana. Na ce ka ji shege, ɗaga shi ya yi don ya ɓatar da ni. Zuciyata ta ƙara tafasa. Tsidau ya huda silifata ya fi a ƙirga, ban ko tsaya cirewa ba.

Na shiga Moriki ana kiran azahar, ashe ranar kasuwa ce. Sawu ya ɓace a cikin na shanu da jakuna da amalanke. Ban tambayi kowa komai ba sai rumfar mai faci, don na san duk inda ake faci nan ake cinikin tsofaffin kekuna. Aka nuna mini. Mai facin ba ya nan, ya tafi masallaci. Ga kekena jingine a jikin rumfar, a jere da wasu uku na sayarwa. A gefensa wani dattijo ya tsuguna, siriri, gemu ya yi fari, riga shuɗiya duk ta koɗe. Na dubi ƙafarsa, takalmin taya.

Ban yi sallama ba. Na cakumi wuyan rigarsa na ɗaga shi, na buɗe murya iya ƙarfina na ce, "Ɓarawo!"

Kalma ɗaya ce, amma kafin in rufe baki an kewaye mu. Wani ya riga ya ɗaga sanda. Allah ya taimaka 'yan agaji na kusa, suka kutsa suka shiga tsakani, suka kai mu rumfar sarkin kasuwa, da ni da shi da keken, jama'a na biye. Shugabansu mutum ne natsattse, ba ya ɗaga murya, yana da littafi da biro. Ya zaunar da mu a tabarma. Na ciro rasit, ya gwada lambar da ke jikin ƙarfen, ta yi daidai. Ya juya ga dattijon ya ce, "Baba, yaya anka yi keken wanga bawan Allah ya zo hannunka?"

Dattijon ya gyara wuyan rigarsa da na yaga. Ya ce, "Gonata ta. Na zaka kwasar kara, don gobe za a saki shanu. Sai na ishe shi rufe. Na yi kira, na yi kira, ba kowa. Na ce wani ya sato ya ɓoye nan, in anka ishe shi gonata ni za a kama. Yau kasuwa, na san mai garinmu na nan, shi ne na kawo mai. Na tsaya wurin mai faci don shi ya san kekunan ƙasag ga duka, ko ya san mai shi."

Wasu a waje suka yi dariya. Wani ya ce kowane ɓarawo haka yake cewa. Aka aika neman mai garin nasu, aka dawo aka ce tun hantsi ya wuce ta'aziyya wani gari.

Shugaban ya juyo gare ni. "Malam, ina ka aje kekenka? A kulle yake ko a sake?"

Na san dalilin tambayar, wallahi na sani. Muryar mahaifina na ji a cikinta. Amma na dubi mutanen da suka cika bakin rumfar, na ga yadda za su kwashe da dariya in na ce ni, malamin makaranta, na binne kekena da kara a gonar mutane na tafi gulbi na yi barci. Ga ƙafata na zugi, ga yunwa, ga zuciya. Sai na ji bakina yana cewa, "A kulle yake. Na ɗaure shi a itace da sarƙa da kwaɗo, ina kwance a gefensa ina barci."

"Ina sarƙar?"

"Ku tambaye shi inda ya jefar."

Biro ya yi ta tafiya a kan takarda. Dattijon ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai bai ji daidai ba. Ya ce, "Malam, kara ne fa. Kara ka rufa mai." Na kau da kai.

Shugaban ya rufe littafinsa ya ce wannan ta fi ƙarfin kasuwa, sai gaban alƙali a Zurmi. Za a jira motar da ke lodi ta cika, bayan la'asar a tafi da mu duka. Ba wanda ya daki dattijon, ba a ɗaure shi ba, har ruwa aka kawo masa. Bai sha ba. Na ga ya ɗauki hannunsa na dama ya cusa a hammatarsa ta hagu ya matse, ya sunkuyar da kai. A haka ya zauna.

Aka ce in je in duba kayana ko wani abu ya ɓata. An jingine keken a inuwa bayan rumfar. Ina tsaye a kansa sai ga wani kakkauran mutum hannu duk baƙin mai, yana gogewa da tsumma. Mai facin ne, ya dawo daga masallaci ya tarar da labari.

Ya ce, "Malam, kai ne mai keken?"

Na ce, "Ni ne. Ɓarawon banza, ko hawa bai iya ba. Tun daga gulbi ya turo shi, sawunsa na biyo."

Ya daina goge hannun. "Wa, shi? Shekara nawa ina yi wa kekenai faci. Dami biyu yake ɗorawa a kariya ya shigo kasuwag ga, ko a yashi ba ya sauka."

"To don me bai hau ba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi don me ake alwala. "Yo tsintuwa ta. Ana hawan tsintuwa? Ko jaki ka tsinta, ja za ka yi har ƙofar mai gari. In ka hau, ka mai da shi naka ke nan. Ku a Ƙaura ba haka kuke ba?"

Hanyar nan ce ta dawo mini gaba ɗaya, taku bayan taku, tafiyar sa'a uku a rana, da gangarar da bai hau ba. Sai filin tsidau. Ashe ɗaukar keken ya yi a kafaɗa, da kayana duka a kai, dattijo da shi, don kada ƙaya ta huda tayar mutumin da bai sani ba. Na dubi kariya. Ina da wani ƙulli da nake yi wa igiyar roba, sau biyu in soke bakin ta ƙasa. Yana nan yadda na bar shi da safe. Ko hocen da ke leƙowa daga leda bai taɓa ba.

Na dafa sirdi. Kunya na ji, sannan tsoro ya biyo, kuma tsoron ba duka don dattijon ba ne, gaskiya ɗaya ce. Na yi ƙarya a gaban shaidu, an rubuta. Za a iya yi mini bulala a bainar jama'a. Labari zai kai Ƙaura kafin ni, ya shiga makaranta, ya shiga zauren mahaifina, inda ake zuwa daga nesa a tambayi hukunci. Wata zuciyar ta ce in yi shiru, ai alƙali zai bincika, ba lallai a yanke ba. Wata ta ce da me zai bincika, ga mai kaya da rasit, ga kaya a hannun mutum a rumfar sayarwa, ga maganata a rubuce. Ina cikin wannan aka kira la'asar. Na yi sallar, amma kada a tambaye ni abin da na karanta.

Muna sallamewa na ji ƙarar mota ta tsaya a bakin rumfar, a-kori-kura cike da buhuna da mutane. Direba ya yi oda. Aka ce wa dattijon ya tashi.

Sai na nemi hanya mai sauƙi. Na matsa kusa da shugaban na rage murya na ce, "Allah gafarta malam, tunda na ga kayana, na yafe. A bar maganar."

Ya girgiza kai. "Da ɗauka ce kawai, da mun so haka. Amma ka ce an fasa kwaɗo, an ɗauke kusa da mai barci, gaban mutane da yawa ka faɗa. Wagga magana ba ni ka yanke ta ba. Ka faɗa wa alƙali ka yafe, shi ya san abin da za shi yi."

Ni kuwa na san abin da yafewa ke yi a gaban alƙali. Har sun kai dattijon bayan motar, wani ya sauke murfin, ya miƙo hannu zai ja shi. Dattijon ya ba da na hagu. Na dama na nan a hammata.

Na ce, "Ku dakata." Ba wanda ya ji, sai da na sake. "Ku dakata. Ƙarya na yi."

Kowa ya juyo. Na ce keken ba a kulle yake ba, ba na kusa da shi. A gonar mutumin nan na kwantar da shi na rufe da kara, na tafi gulbi na yi barci. Duk abin da ya faɗa haka ne.

Shugaban bai yarda nan take ba. Ya ce, "Malam, tausayi ba ya sa a canza shaida. Ɗazu ka faɗi ɗaya, yanzu ka faɗi ɗaya. Wacce za mu ɗauka?"

Na turo keken tsakiyar fili. Na kwance ƙullin, na sauke tabarma, na warware bargo a ƙasa. Sarƙar ta zubo, a naɗe, kwaɗon a maƙale da ita, lafiyarsa lau. Na zaro zaren daga wuyana na ba shi makullin. Ya sa ya murɗa, kwaɗo ya buɗe.

Na ɗauka za a yi hayaniya. Kallon da aka bi ni da shi ya fi mini ciwo. Can wani dillalin shanu ya tofar da yawu ya ce a tsula wa wannan bulala kowa ya huta. Shugaban ya ɗaga masa hannu. Ya buɗe littafin, ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya yi wa direba alamar ya tafi. Sannan ya tambayi dattijon, "Baba, za ka kai ƙara? Haƙƙinka ne."

Dattijon ya ce, "A'a. Ni dai a bar ni in tai gida. Kara na jirana, gobe za a saki shanu."

Shugaban ya miƙo mini makullina. Ya ce, "Malamin makaranta ka ce kake?" Na ce e. Ya ce, "Allah shi kyauta wa yaran." Bai ƙara dubana ba.

Na bi dattijon har bakin kasuwa ina tura keken. Na ce, "Baba, ka yafe mini don Allah." Ya ce ya yafe, ba tare da ya tsaya ba. Na ce ya hau in kai shi gida, ko shi ya tuƙa ni in bi da ƙafa. Ya ce a'a, ƙafarsa ta san hanya. Na sha gabansa na miƙa masa hannu, biyu na haɗa.

Ya tsaya. A hankali ya zaro hannun daga hammata, ya dube shi, ya juya tafin, duk kanta da tsagar kara. Ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Tun azahar nike bankwana da shi. Bari shi ɗan zauna wurina tukuna." Ya mai da shi cikin riga. Har ya yi gaba ya waiwayo ya ce, "Birkinka na baya ba ya ci, na ji shi a gangara. Ka sa a duba kafin Shinkafi."

Na kai Shinkafi bayan kwana biyu, na ƙara mako biyu ina yawo, amma daɗin ya riga ya fita. Duk inda na ga sawuna a yashi a gefen taya sai in tuna dattijon. A hanyar dawowa na sayi goro da sukari da yadi, na ratse na nemi ƙauyensu. A bakin garin na tarar da magidanta a gindin itace suna saƙar zana. Na yi sallama, na faɗi sunan dattijon, don na ji shi ranar da ake rubutawa. Suka dubi juna, suka ce masu wannan sunan uku ne a garin, wanne? Na ce wanda ya tsinci keke a gonarsa.

Ɗayansu ya ce, "Au, ɓarawon keke. Ga gidanai can, mai rumbu biyu."

Ba da mugunta ya faɗa ba, ko kai bai ɗaga daga saƙarsa ba. Na ce musu ba ɓarawo ba ne, ni ne mai keken, ni na yi masa ƙarya, an wanke shi a gaban kowa.

Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Mun sani, Malam. Kowa ya sani. Sunan ne dai ya bi shi."

Na tsaya riƙe da kan keken, da ledar goro a rataye. Suka ci gaba da saƙa. Gidan bai da nisa, hanyar kuma mai kyau ce, amma da ƙafa na ƙarasa.